Tailscale a kan sabar gida: matsalar da take warwarewa da wadda take bari a hannunka

Duk wanda ya mayar da tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi saba a gidansa, wato na'urar da take yi wa sauran na'urorinsa hidima, ko don ajiye hotuna da takardu ta Nextcloud, ko don kallon bidiyonsa ta Jellyfin, ko kuwa don ya riƙa shiga ta SSH, wato hanyar ba kwamfuta umarni a rubuce, yana aikinsa daga nesa, akwai ranar da zai gamu da abu guda. Komai yana tafiya lafiya muddin yana cikin gida, amma da zarar ya fita ya koma kan datar wayarsa, sai sabar ta yi shiru kamar ba a kunna ta ba. Shawarar da aka saba ba shi ita ce ya shiga shafin saitin rauta ya tura ƙofa, wato ya gaya wa rautar cewa duk saƙon da ya zo daga waje yana neman ƙofa mai lamba kaza a miƙa shi ga sabar, sannan ya buɗe wannan ƙofar a katangar tsaron sabar. Mutane da yawa suna bin wannan shawarar daki-daki, kuma duk da haka ba su samu biyan buƙata ba. Domin irin wannan halin aka gina Tailscale, manhajar da take haɗa na'urorin mutum a rukuni guda na sirri ko ina suke, kuma bayan na daɗe ina aiki da ita a kan sabar Linux da waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, ra'ayina a kanta shi ne: ga mai son ya isa sabarsa shi da mutanensa kaɗai, tana ɗauke masa wahalar tura ƙofa gaba ɗaya, kuma tana yin hakan da kyau ƙwarai, amma ba ta gyara katangar tsaro, ba ta kuma ɗauke masa nauyin sanin inda saƙo yake maƙalewa.

Ba za a gane amfaninta ba sai an san dalilin da ya sa tura ƙofa yake ƙin aiki. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin da na'urori suke gane juna da su a intanet, bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta tun watan Fabrairun 2011. Da daɗewa kafin nan an riga an samo dabarar NAT, inda duk na'urorin gida suke amfani da adireshi na cikin gida, irin waɗanda suke farawa da 192.168 ko da 10, rautar kuma ta fita da su duniya a ƙarƙashin adireshi guda ɗaya na waje. An gina tura ƙofa ne a kan zaton cewa wannan adireshin na waje yana hannun rautarka. Da adireshin ya ƙara ƙaranci, sai kamfanonin intanet da yawa, musamman masu bayar da intanet ta layin waya, suka ƙara wani NAT ɗin a wajensu, suka haɗa kwastomomi masu yawa a kan adireshi ɗaya. Wannan shi ne CGNAT, kuma a shekarar 2012 aka ware masa jerin adireshi na musamman, daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. Wanda yake bayan CGNAT kamar ɗan haya ne da yake riƙe da makullin ɗakinsa amma ba shi da iko da babbar ƙofar gidan: ko ya bar ɗakin a buɗe dare da rana, baƙonsa ba zai wuce waje ba. Gane wannan ba shi da wuya. A duba adireshin da rautar take nunawa a ɓangarenta na waje, a gwada shi da wanda shafukan duba adireshi suke nunawa. Idan sun bambanta, akwai wani NAT a tsakaninka da intanet, kuma idan ba wata rauta ta biyu ce a cikin gidanka ba, to babu saitin da za ka taɓa a wajenka da zai buɗe hanya.

Ina ganin wajibi ne mutum ya yi wannan binciken, da wasu kaɗan makamantansa, kafin ya sa Tailscale, domin cututtukan da suke kama da juna a nan suna da yawa, kuma ba dukkansu take magancewa ba. Na farkonsu shi ne a tabbatar manhajar da ake nema tana saurare, kuma a san a wane adireshi take sauraren. Umarnin ss -tlnp a Linux yana nuna haka. Idan aka ga 127.0.0.1 a gaban lambar ƙofar, manhajar tana amsa wa sabar ce kawai ita kaɗai, kuma ba rauta ba, ba katanga ba, ba Tailscale ba, babu wanda zai kai saƙo gare ta kai tsaye sai an canza saitin. Bayan wannan sai a lura da irin gazawar da ake samu, domin akwai bayani a cikinta. Idan amsa ta dawo nan take cewa an ƙi haɗin, galibi saƙon ya isa wata na'ura amma bai tarar da mai saurare ba. Idan kuwa aka yi ta jira har lokaci ya ƙare ba amsa, to wani abu ne a hanya yake haɗiye saƙon, kuma wannan halin katanga ne, ko tura ƙofar da ba a yi daidai ba, ko CGNAT. Abin da yake raba gardama shi ne tcpdump, umarnin da yake nuna kowane fakiti, wato ƙunshin saƙo, da ya iso na'ura: a kunna shi a kan sabar yana sauraron wannan ƙofar, sannan a gwada shiga daga waje. Idan fakiti ya bayyana amma ba a amsa ba, matsalar tana cikin sabar. Idan bai bayyana ba sam, tana can gaba da ita. Akwai kuma tarko biyu da suke cinye wa mutane lokaci a banza. Ɗaya shi ne gwada adireshin waje alhali ana zaune a kan Wi-Fi ɗin gida, domin ba kowace rauta ce take iya juyo da saƙo ciki ba, sai mutum ya ɗauka abin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau ga na waje. Ɗayan kuma shi ne rautar ta canza wa sabar adireshin cikin gida bayan an kashe an kunna, ƙa'idar tura ƙofa ta ci gaba da nuna adireshin da babu kowa a kansa.

Kamfanin da ya yi Tailscale an kafa shi a shekarar 2019 a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma Avery Pennarun yana cikin waɗanda suka kafa shi. Sun ɗora aikinsu a kan WireGuard, tsarin VPN da Jason Donenfeld ya rubuta, wanda ya shiga cikin zuciyar Linux a sigar 5.6 a shekarar 2020. WireGuard ƙarami ne, mai sauri, kuma an yarda da ingancin yadda yake ɓoye bayanai, sai dai duk sauran aikin ya bar wa mai amfani: ƙirƙirar mabuɗai, kwafe su daga na'ura zuwa na'ura, da samar da aƙalla gefe ɗaya mai ƙofar da ake iya isa gare ta daga waje. Wannan sauran aikin Tailscale ta ɗauka. Kowace na'ura tana ƙirƙirar mabuɗinta na sirri, wanda ba ya barin cikinta, sai ta aika mabuɗin fili zuwa cibiyar kamfanin. Cibiyar tana raba wa sauran na'urorinka waɗannan mabuɗan tare da bayanin inda za a samu kowace, sannan ta ba kowace na'ura adireshi tsayayye mai farawa da 100, wanda ba ya canzawa ko ka sauya gida ko ka sauya kamfanin intanet. Bayanan da kake aikawa ba su bi ta wannan cibiyar. Aikinta gabatar da na'urori ga junansu ne da gaya musu wanda aka yarda ya yi magana da wa.

Inda gwanintar take, kuma inda na fi jinjina musu, shi ne yadda na'urori biyu da kowacce take bayan NAT suke iya haɗuwa ba tare da an buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Kusan kowace katanga da kowace rauta suna bin ƙa'ida guda: ba su karɓar baƙon saƙo, amma suna karɓar amsar saƙon da ya fita daga ciki. Tailscale tana amfani da wannan ƙa'idar ce ba tare da ta karya ta ba. Kowace na'ura tana tambayar wata saba a waje, ta hanyar STUN, da wane adireshi da wace ƙofa duniya take ganinta, sannan a sanar da ɗaya gefen. Daga nan sai dukkansu biyu su aika wa juna fakitin UDP kusan a lokaci guda, ta yadda kowace katanga za ta ga fakitin da ya shigo a matsayin amsar wanda ya fita, ta bar shi ya wuce. Idan rautar tana goyon bayan UPnP ko NAT-PMP ko PCP, wato hanyoyin da manhaja take roƙon rauta ta buɗe mata ƙofa, manhajar tana neman taimakonsu ma. Akwai NAT masu taurin kai, waɗanda suke canza lambar ƙofa ga kowane sabon wurin da aka nufa, kuma idan gefe biyun duka irin waɗannan ne, dabarar takan gagara. A nan sai a koma ga DERP, wato tashoshin kamfanin da suke warwatse a ƙasashe daban-daban, waɗanda suke karɓar fakitin a ɓoye ta ƙofa 443 su miƙa shi gaba ba tare da sun iya buɗe shi ba. Tun da ƙofa 443 ita ce wadda shafukan intanet suke amfani da ita, da wuya a samu wurin da aka toshe ta. Sakamakon shi ne haɗin kusan kullum yana samuwa, ko da ba kullum yake da sauri ba.

Sa manhajar ba ya buƙatar dogon bayani. A Linux ana saukar da ita, a rubuta tailscale up, a bi adireshin da ta bayar a shiga da asusu. A waya kuma ana saukar da ita kamar kowace manhaja. Da an gama, na'urorin suna ganin juna, kuma da MagicDNS ana kiran sabar da sunanta maimakon a haddace lambobi.

Abin da ya fi burge ni bayan haɗin kansa shi ne kayan binciken da suka zo da ita, domin wanda ya rubuta su ya san tambayoyin da mai matsala yake yi. Umarnin tailscale status yana jera na'urorin, ya kuma nuna ko haɗin da ke tsakani kai tsaye ne ko ta tashar DERP yake bi. Umarnin tailscale ping yana nuna hanyar da kowane fakiti ya bi, kuma sau da yawa za a ga na farko-farko sun bi ta tasha, sannan na gaba su koma kai tsaye bayan na'urorin sun gano juna. Shi kuwa tailscale netcheck yana faɗa a fili ko UDP yana fita, ko akwai IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, ko NAT ɗinka yana cikin masu canza ƙofa, da tashar da ta fi kusa da kai. Ko mutumin da bai yi niyyar ci gaba da Tailscale ba zai ƙaru da wannan rahoton, domin a layi kaɗan yana bayyana halin layinsa fiye da yadda shafin saitin yawancin rautocin gida yake yi. Kuma a nan ne ake gane cewa sanin tura ƙofa bai zama aikin banza ba: manhajar tana saurare a ƙofar UDP mai lamba 41641, kuma wanda yake da adireshin waje na gaske, idan ya tura wannan ƙofar guda zuwa sabarsa, yakan mayar da haɗin da yake bi ta tasha ya zama kai tsaye. Buɗe ta ba shi da haɗarin buɗe ƙofar SSH ko ta shafin shiga, domin WireGuard ba ya amsa wa wanda ba shi da mabuɗi.

Bambancin hanyoyin nan biyu babba ne, kuma duk wanda zai yanke hukunci a kan saurin Tailscale ya kamata ya fara duba wacce yake kai. A haɗi na kai tsaye, abin da yake iyakance gudu galibi shi ne ƙarfin layin gida wajen aikawa waje, wanda a layuka da yawa bai kai ƙarfin saukarwa ba, kuma wannan iyakar tana nan ko da tura ƙofa aka yi. A haɗin da yake bi ta tasha kuwa, fakitin yana yin zagaye, yana kuma raba hanya da na wasu mutane. Don rubuta umarni ta SSH ko buɗe takarda ba za a damu ba, amma mai kallon bidiyo mai nauyi ko mai kwafe manyan fayiloli zai ji bambancin. Wanda gidansa yake bayan CGNAT, wayarsa ma take bayan wani CGNAT ɗin, shi ne ya fi kusa da faɗawa wannan halin, kuma abin da yakan cece shi shi ne IPv6, idan gefe biyun suna da shi.

Yanzu ga wurin da nake ganin ana yi wa manhajar fahimtar da ba daidai ba. Mutane suna sa ta, su ga sabar ta amsa, sai su ɗauka maganar katangar tsaro ta ƙare, alhali sabon babi ne ya buɗe. A Linux, Tailscale tana saka nata ƙa'idojin a cikin iptables ko nftables, wato inda ƙa'idojin katangar tsaron Linux suke zama, kuma tana sa su ne a gaban na mai gida. A saitinta na asali, saƙon da ya shigo ta tailscale0, wato mashigar da Tailscale take ƙirƙira a sabar, ana karɓarsa tun kafin ƙa'idojin UFW, manhajar saita katangar tsaro, su gan shi. Ma'anar haka ita ce ƙofar da ka rufe da UFW tana iya kasancewa a buɗe ga duk na'urar da take cikin rukuninka na Tailscale. Rukunin kuma, a yadda yake zuwa, yana barin kowace na'ura ta isa kowace ƙofa ta kowace na'ura. Ga mutum ɗaya mai waya da kwamfuta wannan sauƙi ne, amma da zarar an shigar da wayar wani ɗan gida, ko tsohuwar na'urar da ba a sabunta ta, to kowace cikinsu ta zama hanyar isa ga SSH da rumbun bayanai da duk abin da sabar take saurare a kai. Maganin yana nan cikin manhajar: akwai fayil ɗin ƙa'idojin shiga a shafin gudanarwa, inda ake rubuta cewa wane zai isa ƙofa kaza a kan na'ura kaza, sauran kuma a hana. Tsarin yana da kyau, har yana ba da damar rubuta gwaje-gwajen da za su hana a adana ƙa'idar da ta saɓa wa niyyarka. Abin da nake so da an yi shi ne a riƙa jan hankalin sabon mai amfani zuwa wannan fayil ɗin tun ranar farko, domin wanda bai neme shi ba zai iya shekara bai san akwai shi ba.

Haka kuma ba ta taɓa tsohuwar matsalar nan ta Docker da UFW, wadda kusan duk mai sabar gida yake zaune da ita ko ya sani ko bai sani ba. Idan aka fitar da ƙofar wata manhaja daga cikin Docker, wato tsarin da yake gudanar da manhajoji kowace a keɓe, yana rubuta ƙa'idar da take karkatar da saƙon zuwa manhajar ta wata hanyar da ba ita UFW yake gadi ba, don haka UFW zai nuna ƙofar a rufe, ita kuwa tana amsa wa duk wanda ya iso sabar. Takardun Docker kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Sa Tailscale ba ya canza komai a nan. Abin da yake kawo gyara shi ne a ɗaure ƙofar a kan 127.0.0.1 sannan a fitar da ita ga rukuninka da tailscale serve, wanda zai iya ɗora mata HTTPS ma, ko kuma a ɗaure ta a kan adireshin sabar na Tailscale kawai. Hanya ta farko na fi so, domin ta biyun tana iya kawo cikas lokacin tashin sabar, idan Docker ya riga Tailscale tashi ya nemi adireshin da bai wanzu ba tukuna.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka cancanci a sani tun da wuri. Mabuɗin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180 a saitin asali, kuma idan na sabar ya ƙare kana nesa, ba ka da hanyar shiga ka sabunta shi ta cikin haɗin da ya riga ya yanke. Don haka sabar da take zaune wuri ɗaya ya kamata a cire mata wannan wa'adin a shafin gudanarwa. Na biyu, adireshin da Tailscale take rabawa daga jerin CGNAT ɗin nan ne, kuma tana sa ƙa'idar watsi da duk fakitin da ya zo daga wannan jerin ta wata hanyar da ba tata ba. Sabar da take bayan rautar gida ba za ta ji wannan ba, amma wadda aka haɗa kai tsaye da layin da yake amfani da irin waɗannan adireshin tana iya rasa wasu abubuwa, kuma dalilin ba ya bayyana sai an karanta ƙa'idojin katangar ɗaya bayan ɗaya. A waya kuma, Android da iOS ba su barin VPN biyu su yi aiki tare a al'ada, saboda haka mai amfani da wani VPN sai ya zaɓa.

Batun amana ya fi waɗannan nauyi. Mutane da yawa suna ajiye saba a gida ne domin kada bayanansu su dogara da wani kamfani, kuma gaskiya ne cewa Tailscale tana dawo da kamfani cikin lissafin, har ma biyu. Ba a buɗe asusu da kalmar sirri a wajenta. Ana shiga ne ta asusun Google ko Microsoft ko GitHub ko Apple, ko wani tsarin tantancewa da mutum ya kafa da kansa. Duk wanda ya ƙwace wannan asusun yana iya shigar da na'urarsa cikin rukuninka, don haka tantancewa mai mataki biyu a kansa ba abin sakaci ba ne. Ginshiƙin manhajar da ake sa wa na'urori a buɗe yake, kowa yana iya karanta shi, amma cibiyar da take raba mabuɗan a rufe take. Ba ta iya karanta bayananka, sai dai ta san na'urorinka da adireshinsu da lokacin da suke kan layi, kuma ita ce take faɗin wanda yake cikin rukunin. Kamfanin ya samar da Tailnet Lock, wanda yake hana sabuwar na'ura shiga sai wata amintacciyar na'urarka ta sa mata hannu, kuma wannan amsa ce mai ma'ana ga wannan damuwar. Idan cibiyar ta tsaya, haɗin da yake nan yana ci gaba, amma ba za a iya ƙara na'ura ko canza ƙa'ida ba har ta dawo. Wanda duk wannan bai kwanta masa ba yana da Headscale, cibiya ce buɗaɗɗiya da Juan Font ya fara, wadda mutum yake gudanarwa da kansa kuma manhajar Tailscale take aiki da ita. Sai dai Headscale tana buƙatar saba mai adireshin waje, wanda rashinsa ne ya kawo mutum nan tun farko.

Inda ba zan ba da shawarar Tailscale ba shi ne inda ake son jama'a su shigo. An gina ta ne a kan cewa duk mai shiga yana da manhajar a na'urarsa kuma an san shi. Idan mutum kaɗan ne, akwai hanyar raba na'ura guda da mai wani asusun ba tare da an buɗe masa sauran ba, kuma tana aiki sumul. Amma shafin intanet na kowa da kowa, ko sabar Minecraft da baƙi za su shiga ta ƙofa 25565, ko sabar imel, duk ba wurinta ba ne. Akwai Funnel, wanda yake fitar da manhaja ɗaya zuwa intanet ta tashoshin kamfanin, sai dai an taƙaita shi ga ƙofofi 443 da 8443 da 10000, da saƙon da aka ɓoye da TLS, da suna a ƙarƙashin ts.net, kuma akwai iyaka a kan yawan bayanan da yake ɗauka. Ya dace da nuna wa abokin aiki wani abu na ɗan lokaci, bai dace a gina gida a kansa ba. Mai son shafi na dindindin yana bayan CGNAT zai fi samun biyan buƙata da Cloudflare Tunnel, in ya yarda cewa a can ake buɗe ɓoyayyen saƙon kafin a miƙo masa, ko kuma ya yi hayar ƙaramar saba mai adireshin waje ya haɗa ta da gida ta WireGuard. Shi kuwa wanda yake da adireshin waje na gaske da na'urori biyu ko uku, kuma ba ya tsoron fayil ɗin saiti, WireGuard tsantsa da ƙofar UDP guda ya ishe shi, ba tare da asusun kowa ba.

Na'urorin gida da ba a iya sa musu manhajar, irin su firinta da kyamarar tsaro da shafin saitin rautar kanta, ana isa gare su ta hanyar mayar da sabar mai miƙa hanya zuwa duk layin gida. Matakan suna da ɗan yawa, kuma kowanne idan aka tsallake shi abin yana yin shiru ne kawai: a kunna miƙa fakiti a zuciyar Linux, a sanar da jerin adireshin da --advertise-routes, a amince da shi a shafin gudanarwa, sannan a kwamfutocin Linux a ƙara --accept-routes. Akwai kuma cikas ɗin da ba laifin manhajar ba ne, wato idan layin gidanka da layin wurin da kake zaune duka 192.168.1 ne, na'urar tana iya rikicewa wajen sanin wanne ake nufi, shi ya sa ya fi kyau a ba gida jerin adireshin da ba kowa yake amfani da shi ba.

Aikin da ya rage bayan an tabbatar haɗin yana tafiya shi ne a koma rautar a goge duk ƙa'idojin tura ƙofa da aka yi ta gwadawa a baya, a cire sabar daga DMZ, wato saitin da yake miƙa duk saƙon waje ga na'ura guda, idan an taɓa sa ta a ciki lokacin da ake neman mafita, a kuma duba jerin ƙofofin da wasu manhajoji suka buɗe wa kansu ta UPnP. A sabar, UFW ya zauna a kan hana duk mai shigowa, a bar abin da na'urorin cikin gida suke buƙata kawai, kuma kada a rufe SSH na cikin gida sai an gwada shiga ta Tailscale a wata taga ta dabam an ga ya yi. Sannan a yi gwaji daga waje da nmap, manhajar da take gano ƙofofin da suke buɗe, ta layin da ba na gidan ba, a kan adireshin IPv4 da kuma na IPv6. Na biyun ne aka fi mantawa da shi: a IPv6 galibi babu NAT, sabar tana da adireshinta na duniya ita da kanta, kuma abin da yake tsakaninta da kowa shi ne katangar rautar da tata, don haka ƙofar da CGNAT ya hana a isa gare ta ta IPv4 tana iya kasancewa a buɗe ta wancan gefen idan ba a sa mata ƙa'ida ba.